Kayan da Suka Cinye Mana Wurin Salla a Gida

 

'Yan uwa, maganar wannan Juma'ar a kan ɗakunanmu take. Yawancinmu a nan Anacha, haka 'yan uwanmu na Fatakwal da Inugu, ɗaki ɗaya ko biyu muke haya, kuma kowa ya san yadda kuɗin haya yake a kudu. Amma a leƙa a gani, rabin ɗakin ba mutane ke kwana a ciki ba. Buhunan da suka ƙi sayuwa, kwalaye, rediyon da ya mutu tun shekaru uku, tayar babur, jarkoki, tufafin da yara suka girme wa. Muna biya wa tarkace haya, 'ya'yanmu suna kwana a takure. Akwai gidan da uwargida ba ta da inda za ta shimfiɗa darduma sai ta ɗage kaya.

Mun san dalili. Baƙo kullum da shirin tafiya yake zaune, komai sai a ce a ajiye, za a kai gida in an je salla. Sallar ta zo ta wuce, kuɗin mota ya hana, kayan suna nan. Ga shi ƙasar nan ba irin tamu ba ce. A Katsina ko Sakkwato kaya kan shekara a ɗaki bai yi komai ba, nan kuwa damina ta fi wata shida, danshi na shiga ko'ina, shadda ta yi fumfuna, takalmi ya ruɓe. Waɗanda ambaliyar 2022 ta shafa a wajen Ogbaru sun ga yadda abin da aka daɗe ana tarawa ya zama shara a 'yan kwanaki. Tarin kaya kuma maɓoyar ɓera ce, ɓera kuwa shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Jarkar fetur ɗin janareta a ƙarƙashin gado, kusa da risho, wannan kam ganganci ne da rayukan maƙwabta.

Ɓarnar da ta fi ita ce wadda ake yi wa zuciya. Bukhari ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da labule mai zane a gefen ɗakinta, Manzon Allah (SAW) ya ce ta kawar da shi saboda zanen yana gitta masa a cikin salla. Ya kuma taɓa mayar da wata riga mai ado ga Abu Jahm don ta ɗauke masa hankali yana salla. To idan labule ɗaya ya dami mafificin halitta, ina ga wanda ya kabbara yana fuskantar buhun da ke tuna masa bashi? Mutum ya dawo daga kasuwa a gajiye, ya shiga ɗaki ba wurin miƙe ƙafa, a nemi katin asibitin yaro a rasa, sai faɗa ya tashi tsakanin miji da mata a kan abin da bai kai ya kawo ba. Da yawa daga sulhun da ake kawowa masallaci, in an bi diddigi, ƙuncin ɗaki na ciki.

A Sahihu Muslim, Jabir ya ruwaito cewa shimfiɗa uku ke da amfani a gida, ta miji, ta mata, da ta baƙo, ta huɗu kuwa an jingina ta ga shaiɗan. Malamai sun ce ana nufin abin da ya wuce buƙata aka ajiye don alfahari. Ba a hana mai iyali da yawa abin da zai ishe shi ba.

Amma a yi hattara wajen fitar da kaya, don kada a gyara ɗaki a ɗauki zunubi. Kayan ɗakin mace nata ne. Kwanuka da kuloli da iyayenta suka yi mata, maigida ba shi da ikon bayarwa ko sayarwa sai da yardarta, kuma a nemi yardar da lalama. Ku ma iyayenmu mata, kular da ba a buɗe ba tun ranar jere, akwai amaryar da iyayenta ke neman irinta ido rufe. Kayan ajiya na wanda ya koma arewa amana ne, a kira shi a waya, in ya rasu a nemi magadansa. Takardun Alƙur'ani da suka yage da tsofaffin alluna ba a kai su bola, a kawo masallaci a ƙona ko a binne a wuri mai tsarki. Maganin da wa'adinsa ya wuce kuma kada a ba wani da sunan taimako.

Sai hajar kasuwa da ta kwanta a ɗaka. A mazhabar Malikiyya, ɗan kasuwa mai saye da sayarwa kullum yana ƙiyasta kuɗin hajarsa idan shekara ta zagayo, ya haɗa da kuɗin hannunsa, in sun kai nisabi ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Buhun da aka manta a lungu yana cikin lissafi. Wanda ya karya farashi ya sayar ya samu jari, ya samu fili. Mai tambaya a kan wannan ya ga Liman bayan La'asar.

Kwamitin masallaci zai karɓi tufafi, takalma, tabarmi da kayan girki daga gobe Asabar zuwa Alhamis, tsakanin Azahar da La'asar. A wanke a ninke kafin a kawo, kuma abin da mutum zai ji kunyar a ba shi, kada ya kawo. Za a fara da samarin da suka zo kwanan nan suke kwana a barandar masallaci, sannan zawarawa da marayun unguwa. Ƙarfe da robar da suka lalace a sayar wa 'yan gwangwan, su ma namu ne.

Allah Ya karɓa, Ya sa albarka a nemanmu. Wassalamu alaikum.

Sakataren Masallaci