Mace Ita Kaɗai a Kan Dutse: Son Kai Ne ko Haƙƙi?



Ranar da za mu rufe makaranta a zangon ƙarshe, muna zaune a ɗakin malamai muna cike takardun sakamako, sai wata abokiyar aikina ta kawo labarin da ya hana mu ƙarasa aikin a kan lokaci. Wai a Amurka, idan aka yi dogon hutu daga Yuni zuwa Agusta, akwai malaman makaranta, har da mata, da ke ɗaure tanti da bargo da ɗan guzuri a jakar goyo, su nufi duwatsu su kaɗai, su yi kwanaki ba miji ba ɗa ba ɗalibi.

Babbar cikinmu ta ajiye biro ta ce, "Wannan ai son kai ne tsagwaronsa. Mace da gidanta?" Ƙaramarmu kuwa, mai goyo, ta ce a hankali, "Wallahi Malama, da zan samu ko wuni ɗaya ne, da na gode Allah." Muka kwashe da dariya. Ita ma ta yi, amma idonta ya kawo ruwa. Wannan hawayen ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Wadda ta fi shahara da irin wannan tafiya ba malama ba ce ma. Sunanta Emma Gatewood, baƙauyiya daga jihar Ohayo, uwar 'ya'ya 11. Ta shafe fiye da shekara 30 a hannun miji mai dukanta kafin auren ya mutu. A shekarar 1955, tana da shekara 67, ta ce wa 'ya'yanta za ta ɗan taka, ba ta faɗa musu ina ba. Ashe hanyar duwatsun Afalachiya ta nufa, wadda ta fi mil 2,000 kuma ta ratsa jihohi 14, daga Jojiya zuwa Men. Ko tanti ba ta ɗauka ba. Jakar da ta ɗinka da hannunta ce, da takalmin kambas, da labulen banɗaki na leda don tare ruwan sama. Kwana 146 ta yi, ta zama mace ta farko da ta gama hanyar ita kaɗai a tafiya ɗaya.

Na daɗe ina juya labarinta. Ba zan iya kiran wannan tsohuwa mai son kai ba, bayan ta raini goma sha ɗaya ta ga sun tashi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne sai da ta kai 67 kafin ta sami lokacin da yake nata. Mu ma fa haka muke lissafi: bari in yaye wannan, bari a aurar da waccan, bari maigida ya yi ritaya.

To amma kada daɗin labari ya ɗebe mu. A kan wannan hanyar dai, a shekarar 2013, wata mata mai shekara 66 ta ratse daji don biyan buƙata, ta kasa gane hanyar komawa. Waya ba ta kamawa a wurin. Ta yi kusan wata guda a tantinta tana jiran masu ceto har rai ya yi halinsa, ba a gano gawarta ba sai 2015, alhali tsakaninta da hanya bai fi mil biyu ba. Da na ji wannan sai na tuna Manzon Allah (SAW) ya tsoratar da mutum, namiji ma, daga tafiyar dare shi kaɗai, kuma ya hana mace doguwar tafiya ba tare da muharrami ba. Malamai sun yi saɓani a kan tafiyar Hajjin farilla cikin amintacciyar tawaga, amma kwana a daji mace ita kaɗai don shan iska, wannan ba shi ne wurin saɓanin ba. Balle mu da muke tunanin hanya tun kafin mu tuna da dutse. Don haka ba na kiran kowa ta ɗauki tanti.

Inda nake da ja shi ne yadda muke haɗa abu biyu mu yi musu hukunci ɗaya. Tafiyar daban, ƙishirwar da ta haifar da tafiyar daban. Muna cewa tafiyar ba ta halatta ba, daga nan sai mu zarce mu ce ita ma ƙishirwar laifi ce. Mace ta ce tana son ta zauna shiru ita kaɗai, sai a ce ko an ɓata mata rai ne, ko iska ce ta taɓa ta, ko ba ta gode wa Allah da Ya ba ta haihuwa ba.

Alhali kowace shekara muna koya wa yara labarin Kogon Hira. Kafin saukar wahayi, Annabi (SAW) yakan hau Jabalun Nur, dutsen da ya haura mita 600, ya keɓe kwanaki masu yawa yana bauta. Duk wadda ta je Umara ta gwada hawansa ta san ba wasa ba ne. Abin da muke tsallakewa idan muna ba da labarin shi ne guzurin. Idan ya ƙare, wurin Nana Khadija (RA) yake dawowa ya ɗauki wani ya koma. Ba ta ce ya guje ta ba, ba ta ce yara na nemansa ba. Ta gane akwai abin da zuciya ba ta samu sai a keɓe, ta taimaka masa a kai. Kuma da abin ya zo masa, bai zauna a kogon ba, gida ya sauko jikinsa na rawa, wurinta ya nufa.

A nan na sami ma'aunina. Keɓewar da ake yi don a dawo wa mutane da zuciya mai sauƙi ibada ce ko hanyar ibada. Wadda ake yi don a yar da amana, a bar jariri da yunwa, ita ce son kai. Daga nesa kamarsu ɗaya, niyya da dawowa ne ke raba su.

Wata za ta ce ai shi Annabi ne, kuma namiji. To matansa fa? Sun yi i'itikafi yana raye, sun ci gaba bayan wafatinsa. Kuma lokacin da Salmanul Farisi ya tarar da Abud Darda'i ya ƙuntata wa kansa da iyalinsa da azumi da tsayuwar dare, ya tuna masa cewa Ubangijinsa na da haƙƙi a kansa, ransa na da haƙƙi, iyalinsa ma haka, Annabi (SAW) ya gaskata Salman. Mu mata mun haddace haƙƙin iyali tun muna 'yan aji ɗaya. Na rai ne ba a cika yi mana bita ba.

Tambayar da ta rage, wadda ba ta da daɗin yi, ita ce: wa zai haɗa mana namu guzurin?

A hutun nan na gwada. Na yi kwana uku ina shirya yadda zan faɗa wa Baban yara, da na faɗa sai ya ce, "Dutse kuma? Me kika ajiye a can?" Na ce ba komai, shi ya sa nake son zuwa. Ya yi shiru, can ya ce ranar Asabar zai riƙe yaran. Ƙanena ya kai ni Kufena da ke wajen Zariya bayan sallar asuba. Ban kai ƙololuwa ba, gwiwata ta ƙi. Na sami wani falalen dutse na zauna, shi kuma ya koma can nesa inda yake hango ni.

Kada ku zaci natsuwa ta sauko nan take. Rabin awar farko lissafin cefane na yi, da tunanin ko an ba auta maganinsa. Sai da wannan surutun ya lafa na ji abin da ke ƙarƙashinsa. Na tuna wata yarinya 'yar aji uku da na daka wa tsawa a gaban 'yan uwanta saboda ta kasa kawo hadda, alhali ba ita ta ɓata min rai ba, daga gida na taho da fushina. Wata biyu ke nan, ban taɓa samun sararin jin kunyar abin ba sai a kan dutsen nan. Na yi kuka, na yi istigfari, na ƙudurta ranar da aka koma zan nemi yafiyarta a gaban ajin da na kunyata ta.

Kafin azahar na dawo. Na tarar da falo kamar an yi yaƙi, yara sun ci burodi da shayi sau biyu, Babansu na kwance a kan kujera da auta a ƙirjinsa. Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Yanzu kullum haka kike wuni da su?"

Da daddare na kira ƙaramar malamarmu. Na ce ranar Laraba ta kawo min yaranta biyu manya tun safe, ta rufe ƙofarta, kada ta yi wanki.