Ikon Mahayi da Haƙƙin Doki

Malaman Musulunci sun daɗe suna tattauna taskhiri, wato yadda Allah Ya hore wa ɗan Adam halittun da suka fi shi ƙarfi, kuma da wuya wannan mas'ala ta fito fili kamar ranar da mai koyon hawa ya fara sa ƙafa a likkafa. Ayoyi na 13 da 14 na Suratuz Zukhruf, inda aka samo addu'ar hawa, suna sa mahayi ya amsa da bakinsa cewa ba iyawarsa ce ta ba shi iko da dabbar ba. Gwanin sukuwa yana iya karanta su da harshe kawai, amma sabon shiga, wanda yake jin ingarma yana motsi a ƙarƙashinsa ba da izininsa ba, ya san gaskiyarsu a jikinsa.

Abin tambaya shi ne ko horewar ta ba mutum damar yin yadda ya ga dama, kuma amsar tana bakin doki. Linzamin gargajiya ƙarfe ne mai tsanani, kuma idan tsoro ya kama mai koyo, yakan ƙanƙame kamazuru, wato igiyar da ke ɗaure da linzami, don kada ya faɗi, sai nauyinsa ya koma kan harshe da dasashin dabbar, wani lokaci har jini ya fito. Ba mugunta ya nufa ba, amma dokin ya cutu, kuma shari'a ba ta ɗauki cutar da dabba da wasa ba, domin Abu Dawuda ya ruwaito hanin da Annabi (SAW) ya yi game da mayar da bayan dabbobi mumbari, wato zama a kansu ana hira ba tare da buƙata ba.

Saboda haka tsarin gidajen sarauta na Kano da Katsina da Zazzau, inda Shamaki yake kula da dawakin sarki, ya fi kusa da adalci, domin yaro yakan fara ne daga barga, yana kai harawa da dusa, yana share turke, yana koyon ɗaura sirdi, kafin a bar shi ya fita kilisa. Wajibi ne ga mai koyarwa ya riƙe ragama da kansa a darussan farko, har sai ɗalibin ya iya daidaita zamansa da cinyoyinsa, sannan a danƙa masa linzami.