Jira Daban, Jinkiri Daban: Yadda Addinin Kirista Ke Kallon "Sai Gobe"

Bahaushe na da karin magana guda biyu da ba su ga-maciji da juna. Ɗaya ta ce wani jinkirin alheri ne, ɗayar ta ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Duk mai gudun aiki ta farkon ya ke runguma. Marubucin da ya fitar da littafi na ɗaya da na biyu, ya bar masu karatu su na ta cigiyar na uku, in ka tuntuɓe shi sai ya ce ai sauri ya haifi nawa. To, mai karatu, ta yaya mutum zai gane haƙuri ya ke yi ko yaudarar kan sa? Addinin Kirista ya daɗe ya na juya wannan tambaya, domin ya na yabon jira, kuma ya na tsawatarwa a kan jinkiri.

A littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 24, akwai Filikus, gwamnan Romawa da ke zaune a Kaisariya. Manzo Bulus na tsare a hannun sa. Ya sa aka kawo shi, Bulus ya yi masa magana kan adalci da kamun kai da hukuncin da ke tafe. Maganar ta shige shi har ya razana, amma sai ya sallame shi da cewa zai neme shi in ya samu sarari. Ya ci gaba da kiran sa su na hira, ya na sa ran za a ba shi toshiyar baki. Shekara 2 a haka, har aka sauya shi da Fastus. Lura da kyau, Filikus bai ƙaryata Bulus ba. Dagawa kawai ya yi, kuma ɗagawar ce ta yanke masa hukunci.

Wanda ya fi kowa tona asirin wannan cuta shi ne Agustin, babban malamin Kirista da aka haifa a shekara ta 354 a Tagaste, wato Suk Ahras ta Aljeriya a yau. A littafin sa mai suna Confessions, ya bayyana yadda tun ya na saurayi ya ke roƙon Allah ya raba shi da bin sha'awa, alhali a ƙasan zuciyar sa ya na tsoron kada a amsa addu'ar da wuri. Ya kwatanta kan sa da mai barcin da ya san gari ya waye amma ya ƙara jan bargo. Ba ilimi ya rasa ba, ya riga ya gamsu. Abin da ya gano shi ne zuciyar sa ta rabu biyu, rabi na so, rabi na ƙi. Sai a 386, a wani lambu a birnin Milan na Italiya, ya yanke shawara, aka yi masa baftisma a 387. A ganin sa, ba ƙarfin kan sa ne ya cece shi ba, alherin Allah ne ya haɗe masa zuciyar.

Ke nan ba kullum lalaci ne zalla ba. A Matiyu sura ta 25, Yesu ya ba da misalin maigidan da ya danƙa wa bayin sa uku dukiya kafin ya yi tafiya. Biyu su ka juya ta, ta ninka. Na ukun ya haƙa rami ya binne tasa, kuma hujjar da ya bayar ita ce tsoro. Wannan ai kusan kowa ya san shi. Labarin fim da ke kulle a akwati ba mai kushe shi, wanda aka fitar kuwa sai ya sha suka. Amma a misalin, wanda ya ƙi taɓa komai shi ne kaɗai aka hukunta.

A cikin surar dai akwai ma'aunin da mu ke nema. 'Yan mata 10 na jiran ango da fitilun su, 5 sun yo guzurin mai, 5 ba su yo ba. Ango ya makara, kuma abin da mutane ke mantawa shi ne dukkan su goman sun yi barci. Ba barcin ne laifi ba. Masu hikimar sun kwanta ne bayan sun gama nasu, sauran kuma sun kwanta da bashin aiki a kan su. Mai jira shi ne wanda abin da ya rage ba a hannun sa ya ke ba. Mai jinkiri kuwa abin na hannun sa, ya na dai kiran sa da sunan haƙuri.

Wani zai ce ai Yesu da kan sa ya hana damuwa da gobe. Haka ne, amma hanin ya mayar da mutum ne kan yau, bai sauke masa nauyin ta ba. Wasiƙar Yakubu ma ta ja kunnen 'yan kasuwa masu tsara ribar shekara guda alhali ba su san abin da gobe za ta haifar ba. Mai cewa "sai gobe" ya na kashe kuɗin da ba a ba shi ba ne.

Maganin da wannan koyarwa ke bayarwa ba mai girma ba ne. Isra'ilawa a jeji manna ta yini guda su ke tsinta, wanda ya ɓoye ta kwana sai ta yi tsutsa. Don haka Kirista zai ce a roƙi ƙarfin yau, a yi aikin yau, ko da shafi ɗaya ne. Kuma a fara da abin da ya fi nauyi a zuciya: Yesu ya ce mai kai baiko wurin ibada, in ya tuna ɗan'uwan sa na riƙe da shi, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Littafi na iya jiran marubucin sa wata guda. Mutumin da ka ke ɗage neman gafarar sa, ba ka da tabbacin za ka same shi.