Tafki da Daji, Na Wa Ne?

Ya kai mai karatu, an ce tafiya mabuɗin ilimi. Amma ba dole sai ka je Ikko ko Kwatano ka ga bakin teku ba. Ranar da ba ka da aikin gona, ɗauki sandarka ka zaga ƙasarmu ta Madarumfa.

Fara da bakin tafki da sassafe. Za ka ga masunta cikin jirgi suna jefa taru, makiyaya suna shayar da shanu, masu lambu suna ban ruwa. Kewaye da tafkin akwai kushewun waliyyai 99 da jama'a ke ziyarta. Daga nan ka shiga gandun daji, ka huta a inuwar kanya ko tsamiya. In ka wuce Jiratawa, za ka iske gonaki kore shar a tsakiyar rani.

To, ga tambaya. Gonarka taka ce, ka san iyakarta. Tafki da daji fa, na wa ne?

Wani ya ce: "Na gwamnati ne." Shi ya sa da ma'aikacin gandun daji ya ba da baya, sai ya ɗauko gatari. Wani kuma ya ce: "Na Allah ne, ba mai hana ni." Gaskiya ne, na Allah ne. Amma gonarsa ma ta Allah ce, ga shi ba ya barin akuya ta shiga.

Kada mu yi saurin zagin mai gatari. Manyanmu ba su manta da yunwar 1984 ba. Magidancin da rumbunsa ya ƙare, ya sari itace ya kai Maradi don ya auno tiya guda ta hatsi, wa zai kira shi ɓarawo? Sai dai akwai mai sarar reshe, akwai mai tone saiwa. Akwai mai kama babban kifi, akwai mai sa taru mai ƙananan idanu ya kwashe har da ƴaƴan. Na farko ya ci rabonsa. Na biyu ya haɗa da rabon jikansa.

Bayan waccan yunwar ne manoman jihar Maradi suka rungumi sassaben zamani. In kututture ya yi toho, sai su zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su sare sauran. Ta haka gawo da kalgo da sabara suka komo gonaki. Ga itacen girki, ga abincin dabbobi, ga taki. Ba bulala ce ta sa su ba. Amfani suka gani.

Ashe abin da ya yiwu a gona zai yiwu a daji. Tafki da daji amana ce. Mun karɓa daga hannun iyaye, kuma ƴaƴanmu za su tambaye mu.

Gobe in ka ɗaga gatari, tsaya tukuna ka duba: reshe za ka sara, ko gindi? Ku tattauna wannan magana a ajinku na yaƙi da jahilci.