Haƙƙin Mai Ƙirƙira da Ran Mai Jinya

Sana'ata sayar da magani ce, kuma duk wanda ya daɗe a bayan kanta ya san irin kallon da mai jinya yake yi idan aka faɗa masa kuɗi. Ba ya gardama. Sai ya dubi takardar likita, ya dubi abin da ke hannunsa, sannan ya ce, "Malam, ba za a yanko mini na kwana uku ba?" Yawancin abin da ke kantina tsofaffin magunguna ne da kowane kamfani yake da ikon haɗawa, tsadarsu ta canjin dala ce da kuɗin dako. Amma akwai wani rukuni, irin sababbin magungunan daji da na hanta, wanda ko ajiye shi ba na yi sai an yi oda, domin tsadarsa daga wata takarda take fitowa. Gwamnati ce take ba wanda ya ƙirƙiro magani wannan takarda, ta ce shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙatarsa babu mai haɗa maganin, babu mai sayar da shi, sai da izininsa. Da aka kafa Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya a 1995, wannan ƙa'ida ta hau kan mambobinta, Najeriya na ciki, sai dai an yi wa ƙasashe mafiya talauci jinkiri.

Na daɗe ina juya tambayar a raina, ko wannan takarda halal ce.

Idan aka tayar da zancen a majalisa, amsar farko da ake kawowa ita ce hadisin da ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye. Ni ban ga ya dace da wannan wuri ba, kuma dalilina daga gidanmu yake. Kakana na wajen uwa wanzami ne, yana da wani haɗi da yake ba masu shawara, har daga ƙauyukan nesa ake zuwa nema. Sirrin gida ne, shi kaɗai yake shiga daji ya sassaƙo, shi kaɗai yake dakawa. Ya yi niyyar koya wa babban ɗansa, ajali ya riga shi, maganin ya bi shi kabari. Wannan shi ne ɓoye ilimi. Takardar ƙirƙira kuwa sharaɗinta na farko shi ne mutum ya rubuta abin da ya gano dalla-dalla, yadda duk masanin fannin zai iya karantawa ya haɗa, sannan a buga kowa ya gani. Ya bayar da sirrinsa, an biya shi da shekara 20. Da kakana ya yi irin wannan ciniki, da yau an auna haɗin nan an san ko yana aiki.

Karɓar lada a kan magani ma ba a hana ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ƙaho ya biya mai ƙahon. A cikin Bukhari akwai labarin sahabban da suka yi wa wani shugaban ƙabila tofi bayan wani abu mai dafi ya harbe shi, suka yanka ladansu da tumaki, Annabi kuma ya amince. A kan irin wannan tushe Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin mai ƙirƙira dukiya ce da shari'a take karewa, bai halatta a yi mata ta'adi ba. Na gamsu da wannan hukunci. Kusan tara cikin goma na magungunan da suke kaiwa matakin gwaji a jikin ɗan Adam faɗuwa suke yi, kuma wanda ya tsallake yakan ci shekara goma ko fiye kafin ya iso kanti. Wani ne ya zuba dukiyarsa a wannan hanya, gumin mutum kuwa ba a cinsa a banza.

Akan kawo misalin Banting da Best da Collip, waɗanda suka samar da allurar insulin a Kanada, suka sayar wa Jami'ar Toronto haƙƙinsu a 1923 a kan dala ɗaya kowannensu. Duk lokacin da na buɗe firiji na ɗauko wa mai ciwon suga kwalbarsa, mutanen nan suna da girma a idona. Sai dai abin da suka yi kyauta ce, kyauta kuwa ba a kai mutum gaban alƙali don ya ƙi yin ta.

Babin da ya kamata a buɗe, a ganina, shi ne na ɓoye kaya. Imamu Malik bai taƙaita haramcin a kan abinci ba, ya shigar da duk abin da riƙe shi zai cutar da mutane a kasuwa. Kuma a nan ne na ga takardar ƙirƙira tana iya zarce mai ɓoyon hatsi muni. Shi mai hatsi rumbunsa ya kulle, gero ɗin da ya hana kuwa ƙidayayye ne, idan ya bayar ya ragu. Mai takarda rumbun maƙwabci yake zuwa ya sa wa kwaɗo. Ga masana'anta a tsaye, ga ma'aikata, ga sinadarai, an san haɗin, idan sun haɗa babu ƙwaya ɗaya da za ta ragu a ma'ajinsa, amma doka ta ɗaure musu hannu. Ƙarancin da ake mutuwa a cikinsa doka ce ta haife shi.

Wannan ya faru a idonmu. A 1996 aka tabbatar da cewa haɗa magunguna uku yana danne ƙwayar cutar ƙanjamau, mutanen da aka fid da rai da su a Amurka da Turai suka tashi suka koma bakin aiki. Kuɗin maganin na shekara ɗaya ya haura dala 10,000. A Afirka, inda cutar ta fi ɓarna, sai aka ci gaba da haƙa kaburbura. Gwamnatin Mandela ta yi doka a 1997 don ta samo magani da rahusa, kamfanonin magani 39 suka maka ta a kotu. A watan Fabrairu na 2001 Yusuf Hamied, shugaban kamfanin Cipla na Indiya, ya sanar cewa zai bayar da haɗin ukun a kan dala 350 a shekara, wato ƙasa da dala ɗaya a rana. Ya samu dama ne saboda a lokacin dokar Indiya ta 1970 hanyar haɗa magani kawai take karewa, duk wanda ya gano wata hanyar yana iya yin maganin. Ka lura da tazarar da ke tsakanin 10,000 da 350. Wata biyu bayan haka kamfanonin suka janye ƙararsu don kunyar idon duniya. Tsakanin 1996 da wannan rana shekara biyar ce, kuma waɗanda suka tafi a cikinta suna da 'ya'ya. Na san gidajen da kakanni suka raini jikoki a dalilin haka, wasu a layinmu suke.

Malamanmu sun daɗe da ba da hukuncin irin wannan hali. Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya kawo haɗuwar malamai a kan cewa wanda yake da abinci, mutane suka matsu ba su da wani, ana tilasta masa ya sayar. Ibnu Taimiyya ya ƙara da cewa a kan farashin da ya dace za a sayar. Hukuncin ya kama ɓangare biyu a lokaci guda: ba a ƙwace masa kaya a bar shi hannu rabbana, ba a kuma bar shi ya riƙe har mutane su mutu. Abin da ake kira lasisin dole ke nan, inda gwamnati take ba wani kamfani izinin haɗa magani ba da yardar mai takarda ba, a biya shi wani kaso. Taron Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya da aka yi a Doha a watan Nuwamba 2001 ya tabbatar wa kowace ƙasa wannan iko, ya kuma bar mata ita ta yanke abin da take ɗauka larura.

Masar ta nuna abin da ƙasa za ta iya idan ta tsaya da ƙafarta. Ciwon hanta nau'in C ya yi mata katutu, babban sanadinsa kuwa alluran tsargiya da aka yi wa manoma shekaru da dama da sirinjin da ba a tafasa yadda ya kamata ba. A ƙarshen 2013 kamfanin Gilead ya fito da sofosbuvir a Amurka, ƙwaya ɗaya dala 1,000, jinyar mako 12 dala 84,000. Kamfanin yana da tasa hujja, don ya sayi kamfanin da ya faro maganin a kan kimanin dala biliyan 11. Masar ta zauna da shi ta sauko da kuɗin zuwa wajen dala 900, ofishinta na rajista ya ƙi ba maganin takarda a 2014, kamfanonin gida suka shiga haɗawa, farashi ya sake faɗuwa warwas. Daga 2018 aka gwada jinin kusan mutum miliyan 50 cikin 'yan watanni. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Masar ce ƙasa ta farko da ta kai matakin zinare a hanyar kawar da cutar. Gilead kuma bai karye ba.

Wurin da zancen yake yi mini ɗaci shi ne namu ɓangaren. Dokar Najeriya ta 1970 ta tanadi lasisin dole, amma lasisi ba ya haɗa ƙwaya, sai da masana'anta da masana. Gazali ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan da idan al'umma duk ta bari duk ta yi laifi, kuma ban ga yadda za a cire haɗa magani daga wannan hukunci ba. Mun ma taɓa riƙe takardar da hannunmu. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta karɓi wani haɗin gargajiya na masu sikila daga hannun Rabaran Paul Ogunyale, tsirrai huɗu ne, ciki har da masoro da kanumfari da karan dafi. Ta gwada shi, ta sa masa suna Niprisan, ta yi masa rajista har a Amurka, da sunan mai maganin a cikin masu ƙirƙira, abin da ba kasafai ake yi wa masu gargajiya ba. Aka miƙa wa kamfani guda, Xechem, izinin haɗawa shi kaɗai. A 2006 maganin ya shiga kasuwa da sunan Nicosan, a 2008 kamfanin ya durƙushe, maganin ya ɓace daga kantuna tare da shi, a ƙasar da ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu sikila. Iyaye mata sun yi ta zuwa mini da tsohon kwali a hannu suna tambaya ko ya dawo, ina ce musu tukuna. Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da wani kamfanin don a ci gaba da haɗa shi.