Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Kafin zuwan jarka da robar ruwa, matafiyi ba ya rabo da gora. Fatake da makiyaya da maniyyatan da suke tafiya Makka a ƙasa, kowa da nasa a rataye. Sai dai gora ba ya zama abin shan ruwa a yini ɗaya. Idan duma ya ƙosa aka cire shi, sai ya bushe, a yanke masa baki, a ƙwaƙule 'ya'yan ciki, a zuba ruwa ya kwana, a zubar, a sake zubawa, har ɗacin ya fita. Wanda ya bari sai an ɗaura wa jaki kaya sannan ya ɗauko wuƙa, zai tafi da gora kam, amma ruwansa ba zai shawu ba. Shi ya sa magabata suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Galibi ana jefa wannan magana ne ga malalaci, alhali hikimarta ta wuce zancen lalaci. Tana nuna cewa akwai aikin da ƙarfi ba ya gajarta shi, domin lokaci yana cikin kayan aikinsa. Karatu yana sahun gaba a irin waɗannan ayyuka.

Duk shekara, idan jarrabawar JAMB ko WAEC ko NECO ta ƙarato, ko BEPC da BAC a Nijar, sai ka ga ɗalibai sun koma kwanan zaune, ga shayi ga goro, ana son a haɗiye karatun shekara uku cikin mako biyu. Ba za a ce ba su wahala ba. Wahalar ce ta zo a makare.

Wani masani ɗan ƙasar Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa bincikensa kan mantuwa a 1885. Ya yi ta haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna abin da ya rage masa a ka, ya gano cewa mafi yawan abin da mutum zai manta, a sa'o'in farko yake zubewa. Ya kuma gano cewa maimaici 38 da ya rarraba cikin kwana uku ya yi masa aikin maimaici 68 da ya yi a rana guda. A 2006 kuma, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka suka ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu suka karanta a zama ɗaya, suka rufe, suka riƙa rubuto abin da suka tuna. Bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda, masu rufe takarda sun riƙe kashi 61 cikin ɗari, waɗancan kuwa kashi 40.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya zauna a tsangaya. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya kife shi ya kawo hadda a gaban malam. Bayan ya wanke ma bai rabu da karatun ba, ga tilawa da asuba, ga ta da dare, yana bin na baya kafin ya ƙara sabo. Da haka ake tara izu sittin, har alaramma ya kai ga yin satu, ya rubuce Alƙur'ani da ka. Ba a taɓa jin gwanin da ya yi hadda a daren sauka ba. Abin mamaki, yaron da ya san wannan tsari a makarantar allo, da ya shiga ajin boko sai ya ajiye shi a bakin ƙofa.

To, yaya ɗalibi zai fafe nasa? Abin da aka koyar yau, ya duba shi yau kafin ya kwanta, ya sake waiwayarsa bayan kwana biyu ko uku, sannan a ƙarshen mako. Idan ya karanta shafi, ya rufe littafi ya faɗa wa kansa abin da ke ciki, domin ido yana yaudara: ganin abu ka shaida shi daban, iya kawo shi da ka daban. Lissafi da kimiyya kuwa ba a koyonsu da kallo, sai an ɗauki biro an warware tambaya, an faɗi, an gyara. Tsofaffin tambayoyin jarrabawa a yi su da agogo a gefe, tunda a JAMB tambaya 180 ake amsawa cikin awa biyu. Abokai uku ko huɗu da za su riƙa titsiye juna da tambaya sun fi taron hira amfani. Waya ta kwana a wani ɗaki lokacin karatu. Barci kuma kada a raina shi, a cikinsa ne ƙwaƙwalwa take daidaita abin da ta ɗauka da rana.

Wani zai ce shi da kwanan zaune ya ci jarrabawa. Ana samun haka, amma a tambaye shi bayan wata uku me ya rage. Wanda zai riƙe allura a asibiti ko alli a gaban yara, takardar sakamako ba ta isar masa. Sau da yawa kuma, rashin shiri ne yake tura yaro ga satar amsa.

Gaskiya ne ba kowa ke da sarari ba. Wata tana da wanke-wanke da raino, wani yana tsaron shago, ga rashin wutar lantarki. Amma rabin awa bayan sallar asuba, kullum ba fashi, ta fi dare goma na firgici. Iyaye su taimaka da wannan ɗan lokaci, su rage aike a cikinsa. Kai kuma ɗalibi, kada ka jira fitowar jadawalin jarrabawa. Ɗauko littafin da aka yi muku darasi yau, ka karanta, ka rufe, ka ji abin da ya zauna.