Fushin Da Bai Share Hawayen Tamar Ba

 A watan nan muna so mu kawo maku labari daga wata ƙasa mai nisa, mu aza shi kusa da wani labari na cikin Littafi Mai Tsarki, domin mu ga abin da Allah ya ke so mu yi da fushinmu sa'anda babban mutum ya ci mutuncin mace.

A Koriya ta Kudu an yi wani mutum, sunansa Park Won-soon. Tun yana lauya ya yi suna wajen tsaya wa marasa ƙarfi. Yana cikin lauyoyin da suka tsaya wa wata ma'aikaciyar jami'a, wadda ta kai ƙarar wani babban malami a 1993 saboda ya matsa mata da halin banza, har babban kotun ƙasar ya ba ta gaskiya a 1998. A 2011 aka zaɓe shi magajin garin Seoul, aka sake zaɓensa har sau biyu.

Ran 8 ga Yuli, 2020, wata mace da ta yi masa aikin sakatariya ta kai ƙararsa wurin 'yan sanda, ta ce ya yi shekaru yana damunta da maganganu da ayyuka na rashin kunya. Kashegari aka neme shi aka rasa. Da tsakar daren da ya biyo aka sami gawarsa a kan wani dutse a arewacin birnin. Ya ɗauki ransa da kansa. Tun da shi ke wanda aka yi ƙara ya mutu, sai aka rufe shari'a.

Nan fa ƙasa ta rabu biyu. Hukumar birni ta shirya masa makoki na kwana 5, mutane fiye da 500,000 kuwa suka sa hannu a takardar ƙin yarda da wannan girma. Waɗansu masoyansa suka hau intanet suna zagin matar, suna neman tona ko wace ce, kamar ita ta kashe shi. Sai ran 25 ga Janairu, 2021, hukumar kiyaye hakkin ɗan adam ta ƙasar ta gama bincike, ta ce lallai waɗansu maganganunsa da ayyukansa cin mutunci ne.

Yanzu ku buɗe Littafin Sama'ila na Biyu, sura 13. Amnon ɗan sarki Dawuda ya yaudari ƙanwarsa Tamar, ya fi ƙarfinta, ya ɓata ta, sa'an nan ya sa bawansa ya kore ta ya kulle ƙofa. Ta yage rigarta, ta zuba toka a ka, ta tafi tana kuka a fili. Dawuda ya ji, ya husata ƙwarai, amma ba mu karanta ya hukunta ɗansa ba. Absalom wanta ya ce mata ta yi shiru, shi kuwa ya ajiye ƙiyayya cikin ciki shekara 2 cif, kāna ya sa barorinsa suka kashe Amnon a wurin biki. Daga nan gidan sarki bai ƙara zama lafiya ba, har aka kai ga yaƙi tsakanin uba da ɗa.

Ku lura, 'yan'uwa. Uban ya yi fushi, wan ya yi fushi, amma Tamar ta zauna a gidan Absalom a kaɗaice, ba wanda ya ba ta gaskiyarta a gaban jama'a. Haka aka yi a Seoul. Mutane suka yi ta gardama a kan girman mamaci da kuma jam'iyyarsa, wadda ta kawo kuka kuwa ta koma ɓuya. Fushi saboda mugunta ba zunubi ba ne, gama Ubangijinmu da kansa ya yi fushi da masu taurin zuciya. Amma ga ma'auninsa: wa ya amfana? Idan fushinka bai kāre wadda aka zalunta ba, bai kuwa kai mai laifi gaban shari'a ba, to, wutar kara ce, tana cin gida ba ta dafa tuwo.

Akwai kuma wani darasi ga masu riƙe da sarauta. Aikin kirki na jiya ba ya wanke laifin yau. Mutumin nan ya san dokar sarai, shi ya taimaka aka kafa ta. Dawuda ma mai rera waƙoƙin yabo ne, duk da haka ya ɗauke matar Uriya. Amma sa'anda annabi Natan ya tsaya gabansa ya nuna masa laifinsa, Dawuda ya amsa, ya sha kunya da horo, ya rayu. Kunya tana da ɗaci, amma ba ta fi jinƙan Allah girma ba. Mutuwar mai laifi ba ta biya wadda aka cuta ba. Sai ma ta ƙara mata kaya, ta bar iyalinsa cikin makoki.

Saboda haka kada mu yi murna da irin wannan mutuwa, kada kuma mu ɗora ta a kan wadda ta faɗi gaskiya. Fid da zuciya ciwo ne, yana kama babba da yaro, mai laifi da marar laifi. Wadda aka ci mutuncinta ma takan rasa barci, ta ji tsoron mutane, ta ga ranta ba shi da amfani. Wanda ya shiga wannan hali yana bukatar addu'a, yana bukatar likita kuma, kamar yadda mai zazzaɓi ya ke bukatar magani. Kada a bar shi shi kaɗai.

Dattawan ekklesiya, idan mace ta kawo maku kuka a kan babban mutum, ko da mai wa'azi ne, ku saurare ta da natsuwa. Ku rufa mata asiri, kada ku rufa wa laifin. Ku bincika da gaskiya, abin da ya ke na hukuma kuwa ku kai wa hukuma. Wanda aka zarga, ku gaya masa gaskiya ba tsoro, ku sa mutum kusa da shi dare da rana har guguwar ta wuce.

Allah ya ba mu zuciya irin ta Natan, mai faɗin gaskiya domin ceton rai. Amin.